Kafin a sayar da sa a sayi kwalba: shawara ga mai son gwada furotin ɗin ɗan Adam a kan ƙwayoyin cuta a Maiduguri

Wata ɗaliba mai karatun digiri na biyu ta same ni a ɗakin gwaje-gwaje, riƙe da takardar farashi da ta sha naɗi har ta yi laushi. Ta ce, "Malam, ga abin da zan yi aikina da shi. Baba ya ce zai sayar da sa ɗaya ya biya." Na karɓa na duba. Laktoferin ne irin na ɗan Adam, kwalba ɗaya, mikirogiram 50, kuɗinsa da dala. Nufinta ta gwada shi a kan bakteriya iri 20 da aka samo daga gyambo da fitsarin marasa lafiya, waɗanda suka gagari magungunan da aka saba bayarwa. Na ce mata, "Ɗiyata, jawo kujera. A bar san nan ya ci gaba da cin harawarsa tukuna." Abin da na gaya mata a ranar shi zan maimaita a nan, da ƙari, domin na san ba ita kaɗai ba ce. Duk shekara sai an samu wani a kan titin Bama, ko a Jami'ar Maiduguri ko a asibitin koyarwa, da ya kamu da son wannan fanni.

Kuma son nasu yana da dalili. Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a duniya kai tsaye saboda bakteriyar da ta daina jin magani, kuma yankinmu na Afirka ta Yamma ne ya fi kowane yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a. Duk wanda ya taɓa riƙe farantin gwaji ya ga ƙwayar cuta ta tsiro har gindin kowane magani, ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani. To ga shi jikinmu da kansa yana da makamansa. A majina da hawaye da miyau akwai laisozaim, wanda Alexander Fleming ya bayyana a 1922 bayan ya ɗiga majinarsa a faranti lokacin da yake mura, shekara shida kafin ya ci karo da fenisilin. A nonon uwa, musamman dakashi, akwai laktoferin. A fata da fararen ƙwayoyin jini akwai su difensin da LL-37. Tun da Stanley Cohen da Herbert Boyer suka nuna a 1973 cewa ana iya ɗaukar guntun ƙwayar gado daga wata halitta a dasa a bakteriya, sai hanya ta buɗe: a sa E. coli, ko yis, ko ma shinkafa, su riƙa ƙera furotin ɗin mutum kamar masana'anta. Insulin ɗin da masu ciwon suga suke yi wa kansu allura, wanda aka amince da shi a Amurka a 1982, ta wannan hanya aka same shi. Haka rigakafin ciwon hanta nau'in B da ake yi wa jariranmu. Abin ba baƙo ba ne a garin nan, sunansa ne kawai baƙo.

Yanzu ɗauko biro, ɗiyata, domin a nan yawanci ake faɗuwa.

Gwajin da masana za su yarda da shi shi ne na gano mafi ƙarancin adadin da zai hana ƙwayar cuta tsiro, wanda ake taƙaitawa da MIC. Ana yin sa a faranti mai ramuka 96, kowane rami mikirolita 100. A ce za ki fara da mikirogiram 128 a kowace mililita. Ramin farko kaɗai ya cinye mikirogiram 12.8. Na biyu rabin haka, na uku rabin na biyu, har ƙarshen layi. Jimlar layi ɗaya ta tasar wa mikirogiram 26. Ƙwayar cuta iri 20, kowace a maimaita sau uku a ranaku daban-daban, layi 60 ke nan, mikirogiram 1,560. Ki ƙara na ƙwayoyin awo, da wanda zai manne a jikin bututu, da wanda hannu zai zubar ranar da aka ɗauke wuta kina tsaka da ɗiga. Kin doshi miligiram 2. Kwalbarki ta mikirogiram 50 ko layi biyu ba ta cika ba. Sai kin sayi 40 irinta. Wannan ma lissafin ƙananan furotin ne masu kaifi. Laktoferin kuwa sau da yawa sai an kai miligiram guda a mililita kafin a ga ya motsa, wato rami ɗaya tak zai lashe kwalba biyu.

Ba cutar ki kamfanin ya yi ba. Waɗannan ƙananan kwalabe an yi su ne domin masu renon ƙwayoyin halitta da masu auna furotin a jini, waɗanda ɗan mitsitsi yake isarsu watanni. Ke aikinki na mudu ne, kin je wurin mai sayarwa da cokali. Saboda haka ki nemi farashin miligiram ko giram, ki tambayi fiye da wuri ɗaya. Laktoferin da laisozaim na ɗan Adam da ake samarwa a ƙwayar shinkafa ana sayar da su da yawa, kuma sun fi sauƙi nesa ba kusa ba. LL-37 kuma, tunda gajere ne, amino asid 37 kacal, yawanci haɗa shi ake yi da inji a madadin renonsa a bakteriya, kuma a miligiram ake sayensa. Idan bayan duk wannan kuɗin bai kai ba, ki rage yawan ƙwayoyin. Iri biyar da aka gwada da kyau sun fi ashirin da aka shafa musu sama-sama.

Sai zaɓen wanda za ki gwada, da wanda za ki gwada shi a kansa. Kowane furotin da salon faɗansa. Laisozaim almakashi ne: yana yanke wani haɗi a bangon bakteriya, ruwa ya kwarara ciki, ta fashe. Amma bakteriya irin su E. coli da Klebsiella da Pseudomonas suna da wata fata ta waje da ta lulluɓe bangon, almakashin ba ya kai wa gare shi sai an tsaga masa hanya da wani sinadari kamar EDTA, ko da laktoferin kansa. Staphylococcus aureus kuma, sarkin gyambo, ya yi wa bangonsa wata 'yar kwaskwarima da ta sa laisozaim ba ya cin sa. Na ga ɗalibin da ya shafe wata uku yana zuba laisozaim a kan wannan ƙwaya, ya rubuta cewa kayan da aka sayar masa jabu ne. Kayan lafiya lau suke, littafi ne bai buɗe ba.

Laktoferin shi yunwa yake sa wa abokin gaba. Kowane ɗaya yana kama ƙwayar sinadarin ƙarfe biyu ya riƙe gam, bakteriya ta nemi ƙarfen da za ta hayayyafa da shi ta rasa. To a nan akwai tarko. Ana sayar da shi iri biyu, mai ƙarfe a hannu da marar ƙarfe. Wanda ya ƙoshi da ƙarfe garinsa yakan yi ja-ja kamar jar ƙasa, kuma ba shi da sauran hannun da zai ƙwaci komai. Idan kika sayi wannan, kin ɗauko ƙoshasshen kare ki kai shi farauta. Ki duba takardar, ki tabbata an rubuta yawan ƙarfen da ke jikinsa, ki zaɓi mai kaɗan.

Tunda an zo maganar takarda: kada ki biya ko kwabo sai an turo miki takardar shaidar ingancin wannan rukunin da za a ba ki, mai lamba iri ɗaya da ta jikin kwalbar. Ki duba a wace halitta aka rene shi. Ki duba tsabtarsa, kashi 95 cikin 100 ko sama. Idan a E. coli aka yi shi kuma kina da niyyar zuba shi a kan ƙwayoyin jinin mutum, ki duba yawan dafin bangon bakteriya da ya rage a ciki, domin shi kaɗai yana iya tayar da ƙwayoyin jini ki ɗauka furotin ɗinki ne. Abin da ya fi duka, ki karanta abin da aka haɗa shi da shi. Wasu ana cakuɗa su da albumin na shanu domin su daɗe, wanda zai rikita miki awo. Wasu na ruwa ana ɗiga musu sodiyam azaid don kada su ruɓe. Azaid guba ne, yana hana bakteriya da yawa tsiro da kansa. Za ki ga ramuka sun yi garau, ki yi murna, ki kira Baba a waya, alhali furotin ɗin bai taɓa kowa ba.

Ki nemi na gari, busasshe, kada ki yarda da na ruwa. Dalilin yana bakin ƙofarki. Daga Maris zuwa Mayu zafin Maiduguri yana haura digiri 40 sau da yawa. Na ruwa sai an rako shi da busasshiyar ƙanƙara, ita kuwa kwana kaɗan take yi ta tashi ta zama iska. Na taɓa yin odar wani abu ta hannun wani dillali, ya rantse mini zai iso cikin sanyi. Kwalin ya kwana a wurin kwastan, ya kwana a Legas, ya hau mota zuwa Kano, ya sake hawa wata, ta makara a Damaturu ta kwana saboda ba a bin hanyar da dare. Da na buɗe, ledojin ƙanƙarar sun yi ɗumi kamar kunun da aka sauke ɗazu. Busasshen gari yakan jure irin wannan tafiya ta 'yan kwanaki, ko da yake shi ma ba a son a jarraba haƙurinsa. Ki tsara odar ta iso tsakanin Nuwamba da Janairu, lokacin hunturu. Ki biya kuɗin jirgi daga Abuja ko Legas, ki je filin jirgi da kanki da kula cike da ƙanƙara. Ba a fafe gora ranar tafiya: kafin kayan su taso, ki san firizar da za su shiga da wanda yake riƙe da makullinta.

Firiza ita ce rabin aikin nan. Mu da muka ga Janairun 2021, lokacin da aka fasa turakun wutar da ke zuwa daga Damaturu garin ya zauna cikin duhu wata da watanni, mun san abin da ake nufi da a dogara da wuta ɗaya. Tashar gas mai megawat 50 da aka buɗe a 2023 ta rage zafi, amma babu mai hankalin da zai jingina aikin shekara biyu a kanta kaɗai. Ki nemi firiza mai buɗewa ta sama, wadda ke kan sola da batir, mai kai digiri 20 ƙasa da sifili. Ki guji irin ta zamani da ba ta tara ƙanƙara, domin dabararta ita ce ta riƙa ɗumama kanta lokaci-lokaci, wannan kuwa shi ne abin da furotin ya tsana. Ki cika duk wani sarari da gorunan ruwa daskararru, ki binne akwatinki a tsakiyarsu can ƙasa, nesa da murfi. Ki sa ma'aunin zafi mai tuna mafi sama da mafi ƙasa, ki riƙa rubutawa safe da yamma. Idan babu shi, ga dabarar tsofaffin ma'aikata: daskarar da ruwa a ƙaramin kofi, ɗora tsabar kuɗi a kai. Ranar Litinin in kika tarar da kuɗin a gindin kofi, kin san firizar ta narke a ƙarshen mako ta sake daskarewa, ko da mai gadi ya ce janareto bai tsaya ba. Dabarar ba ta nuna ƙaramin ɗumi, babbar ɓarna kawai take tonawa, amma ta fi babu.

Kuma kada ki tara duka a wuri ɗaya. Ranar 10 ga Satumba 2024, da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga har asibitin koyarwa ya lalata na'urori masu tsada a ƙasan gini. Tun daga ranar nake gaya wa kowa ya raba kayansa biyu, a gini biyu, ɗaya a bene.

Ranar buɗe kwalba, ki natsu. Ki fito da ita ki bar ta a rufe kamar minti 20 sanyin ya sake ta, don kada raɓa ta sauka a kan garin, musamman da damina. Ki juya ta a injin juyi na ɗan lokaci kafin ki cire murfi. Sau da yawa garin ba ya ko ganuwa, ɗan fari-fari ne a manne a murfi, kuma da hunturu iska ta bushe har yakan yi tsalle ya bi safar hannu. Ki kashe fanka, ki rufe taga saboda ƙura. Ki zuba ruwan da takardar ta ce, daidai adadin da ta ce, ki bar shi ya narke da kansa, ki ɗan jujjuya a hankali. Kada ki girgiza shi har ya yi kumfa, ba fura kike damawa ba. Kumfa tana warware furotin. Daga nan ki rarraba shi nan take a ƙananan bututu, kowanne daidai aikin yini ɗaya, ki rubuta suna da kwanan wata da alƙalamin da ba ya gogewa. Wanda kika narkar ya narke ke nan, ba ya komawa firiza.

Amma kafin ki taɓa mai tsadar, ki koyi hannu da mai araha. Laisozaim na farin ƙwan kaza ɗan'uwan namu ne na kusa, amino asid 129 shi, namu 130, kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Ki samu Micrococcus luteus, jikar wadda Fleming ya yi aiki da ita, ki dama ta har ruwan ya yi gurɓi, ki ɗiga laisozaim. Cikin mintuna ruwan zai washe a kan idonki. In akwai na'urar auna haske, ki sa ta a 450 ki ga lambar tana sauka. Ki yi wannan har hannunki ya faɗa, har sakamakon Talata ya yi daidai da na Alhamis. Duk kuskuren da za ki yi, ki yi shi a kan ƙwai.

Wajen gwajin kansa, akwai al'adar da nake so ki bari. Ɗalibanmu sun saba da huda rami a farantin aga, su zuba ruwan ganye, su auna da'irar da ta fito da rula. Ga waɗannan furotin hanyar ba ta da amfani. Wasunsu manya ne, ba sa tafiya da sauri a cikin aga, kuma yawancinsu suna ɗauke da cajin da ke sa aga ta cafke su tun a bakin rami. Za ki ga babu da'ira ki ce ba ya aiki. Ki yi na ruwa, a romon Mueller-Hinton. Ki daidaita gurɓin ƙwayoyinki da ma'aunin McFarland 0.5, ki tsarma har ya zama kusan ƙwaya 500,000 a kowace mililita a cikin rami. Ga su LL-37 da difensin, ki nemi faranti da bututu na roba irin folifirofilin, domin suna mannewa a jikin folistirin da gilashi, rabin kuɗinki ya ƙare a bango. Ɗakin binciken Robert Hancock a Kanada ya daɗe da ba da shawarar a tsarma su a ruwa mai asid ɗin asetik kashi 0.01 da albumin kashi 0.2 cikin 100, saboda wannan matsalar. Ki sa ƙwayoyin awo da duniya ta sani a kowane faranti, E. coli ATCC 25922 da S. aureus ATCC 29213, tare da maganin da aka san adadinsa, kamar jentamaisin. In jentamaisin ya ba da lambar da ba ta dace ba, farantin ranar duka na kwandon shara ne.

Ga wani abu da littattafan Turai ba za su gaya miki ba. Akwatin renon ƙwayoyi ana sa shi a digiri 35 zuwa 37, awa 16 zuwa 20. Yawancin waɗanda muke da su ɗumamawa kawai suka iya, ba su iya sanyayawa. A watan Afrilu, ɗakin da ba shi da na'urar sanyi yakan fi akwatin zafi da rana tsaka. Ki sa ma'aunin zafi a ciki ki gani da idonki. In ya haura, ki mayar da renonki na dare, ki sa da magariba ki karanta da hantsi, ko ki kai akwatin ɗaki mai sanyi.

Ramukan shaida su ne za su cece ki ranar kare aiki. Rami mai romo kaɗai, don a ga babu datti. Rami mai ƙwaya ba furotin, don a ga tana da rai. Rami mai ƙwaya da ruwan da kika narkar da furotin a ciki, ba furotin ɗin, don a wanke shi daga zargi. Ga laktoferin, ki ƙara wani layi da kika zuba wa sinadarin ƙarfe: in ƙwayar ta farfaɗo ta tsiro, kin nuna cewa yunwar ƙarfe ce ta danne ta, kuma wannan sakamako ne mai daraja fiye da tebur cike da lambobi. Daga ramukan da suka yi garau, ki ɗebi ɗigo ki shuka a faranti, ki ga ko ƙwayar ta mutu ne ko suma ta yi.

Sannan ki yi wa furotin ɗin jarrabawar da ya fi tsoro. Ki maimaita gwajin da gishiri daidai na jini, kashi 0.9 cikin 100, sannan da ɗan ruwan jini. Da yawa daga cikinsu da suke zakuna a romo marar gishiri sukan zama kyanwa a nan. Ki gwada shi kuma a kan jajayen ƙwayoyin jinin mutum, ki ga ko yana fasa su a adadin da yake kashe bakteriya, domin LL-37 yakan yi haka idan ya yi yawa. Wannan, da karɓar ƙwayoyi daga marasa lafiya, duka sai da izinin kwamitin ɗa'ar bincike, kuma izinin yakan ɗauki lokaci, ki nema tun yanzu. In kuma wata rana kika yi sha'awar dasa ƙwayar gadon da kanki ki rene shi a nan, akwai Hukumar Kula da Tsaron Halittu ta Ƙasa, NBMA, da dokar 2015 ta kafa, sai an bi ta kanta. Abu ɗaya da ban yarda ɗalibina ya yi ba shi ne ya riƙa renon ƙwayar asibiti a cikin ƙaramin adadin LL-37 ko difensin mako bayan mako don ya ga ko za ta saba. In ta saba, ka koya mata jure makamin da ke jikin kowane mutum ne, a ɗakin da tukunyar kashe ƙwayoyi take jiran a kawo wuta.

Idan kin zo rubutu, ki ja linzamin alƙalaminki. Kada ki rubuta cewa kin gano sabon magani. A Peru, a wani gwaji da aka buga a 2007, an ƙara laktoferin da laisozaim na shinkafa a ruwan gishiri da suga, gudawar yara ta yi saurin tsayawa da fiye da kwana ɗaya. Amma a Birtaniya, gwajin da aka buga a 2019 a kan bakwaini fiye da 2,000 ya nuna laktoferin na shanu bai rage musu kamuwa da cuta ba, bayan shekaru ana sa rai. Tsakanin ramin faranti da gadon asibiti akwai tafiya mai nisa. Kuma a jikin kwalbarki an rubuta cewa don bincike kaɗai aka yi ta. Ba a tace ta don jikin mutum ba, NAFDAC ba ta san da ita a matsayin magani ba. Ko gyambon wa ya ƙi warkewa a gida, kada ki ɗiga masa.

Ɗalibar nan ta dawo bayan mako biyu da sabuwar takarda. Ta rage ƙwayoyin zuwa shida, ta samu farashin laktoferin na shinkafa marar ƙarfe da ya ishe ta da rara, ta ƙara laisozaim a kai don ta ga abin da biyun za su yi wa Klebsiella idan sun haɗu. Ta haɗa kai da wani ɗalibin likitan dabbobi za su raba kuɗin jirgi, kayan za su iso a Disamba. A hannunta na hagu akwai ƙaramin kofin roba da tsohuwar naira ɗaya ta ƙarfe, tana tambayata wace firiza ce ta bene.